Sarkin da Ya Karya Kujera da Dariya

A watan Maris na 1905 Sarki Edward na Bakwai ya je gidan wasan kwaikwayo na Royal Court a Landan, aka yi masa wasan marubuci ɗan Ailan George Bernard Shaw mai suna John Bull's Other Island. John Bull laƙabi ne na Ingila kanta, ana zana shi ƙato mai tumbi da jar fuska. Ɗaya tsibirin nasa da sunan wasan ke nufi kuwa Ailan ce, wadda a lokacin daga Landan ake juya ta. Tun daga buɗe labule har rufe shi, ba'a ake yi wa Baturen Ingila da irin kallon da yake yi wa mutanen Ailan. Labarin da ya bazu, kuma har yau ake maimaita shi, shi ne sarkin ya yi ta ƙyaƙyata dariya har kujerar da yake kai ta karye. Firaministansa Arthur Balfour ma ba sau ɗaya ya je kallo ba. Wannan Balfour ɗin shi ya riƙe Ailan a madadin Landan daga 1887 zuwa 1891, ya murƙushe manoma masu fafutukar gonaki har mutanen can suka laƙaba masa sunan mai jini a hannu.

Labarin nan ya daɗe yana damuna. Mu nan mun san zambo. In makaɗin fada ya saki baiti a kan ɗan sarkin da ke ja da ubangidansa, wanda aka yi dominsa ba ya iya zama a wurin. Ko ya sulale, ko ya aika da abin toshe baki. To zambon da mai shi ya biya kuɗin shiga, ya zauna a sahun gaba, ya fi kowa tafi, gobe kuma ya dawo da abokansa, anya ya ci sunansa? Da farko na yanke cewa Shaw harbin iska ya yi. Yanzu na sauya ra'ayi, ko da yake ba duka ba.

Bari in ɗan koma baya, domin a wurinmu Bature Bature ne. Wanda ya yi makarantar mishan a Jos ko Kaduna, mai yiwuwa Fada ɗan Ailan ne ya koyar da shi, amma bai taɓa kawowa a ransa cewa kakannin wannan Fadan ma an mulke su ba, kuma wanda ya mulke mu shi ya mulke su. Tun ƙarni na 12 Ingila ta sa ƙafa a Ailan. A ƙarni na 16 da na 17 aka ƙwace filaye aka raba wa baƙi daga Ingila da Sikotilan, 'yan ƙasa mabiya Katolika suka koma biyan haya a gonakin kakanninsu. A 1801 aka rufe majalisar Dublin, aka haɗe ƙasar da Birtaniya. Daga 1845 cuta ta kama dankali, wanda shi ne tuwon talakan can, yunwa ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, wani miliyan ɗin ya tsere ƙetare, alhali jiragen ruwa na ta fita da hatsi da dabbobi daga tashoshin ƙasar. Ƙidayar 1841 ta samu sama da mutum miliyan 8. Lokacin da Shaw ya zauna rubuta wasansa ba su kai miliyan 4 da rabi ba.

Mai mulki irin wannan yana bukatar tatsuniyar da zai riƙa yi wa kansa kafin barci ya ɗauke shi. Mujallar barkwanci ta Punch ta yi shekaru tana zana ɗan Ailan da muƙamuƙin biri. A 1860 Charles Kingsley, limamin coci kuma malamin tarihi a Cambridge, ya rubuto wa matarsa daga yammacin Ailan cewa birai fararen fata ya yi ta gani a gefen hanya, kuma da baƙaƙe ne da abin bai dame shi haka ba. Ka ga a jimla ɗaya ya haɗa mu da su ya zage. Amma maƙerar da aka fi ƙera wannan hoto a cikinta ita ce dandamalin wasan kwaikwayo.

Wajen 1599, sojojin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya na fama da tawayen Hugh O'Neill a arewacin Ailan, Shakespeare ya sa wani kyaftin ɗan Ailan mai suna Macmorris a wasansa na Henry V. Fitowa ɗaya ya yi, amma ta isa: harshe a karye, rantsuwa kan rantsuwa, ba abin da ke bakinsa sai yankan maƙogwaro, da wani ya ambaci ƙasarsa kuma ya harzuƙa ya ce zai fille masa kai. A shekarun 1660 aka samu Teague a wani wasan, bara ɗan Ailan mai biyayya wanda ba ya buɗe baki sai ya yi katoɓara. Sunan ya bi gari har ya zama zagi, a Ailan ta Arewa har gobe da shi ake jifan ɗan Katolika in ana son cin mutuncinsa. Daga nan aka yi ta buga irinsa kamar bulo: mashayi, mafaɗaci, mai daɗin baki, mai saurin kuka da saurin dariya, ga son ubangida kamar ransa.

Wani zai ce ai raha ce. Mu ma muna da wasa tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi. Sai dai a can kowa na da bakin ramawa, kuma in an tashi ba wanda ya tafi da gonar wani. Mutumin da ka yi shekara 300 kana kallonsa yana tangaɗi a kan dandamali, ranar da ya zo majalisa ya ce a ba shi ƙasarsa ya riƙe, dariya za ta riga hujjarsa isa kunnenka. Ba ƙinsa kake yi ba, kana ma sonsa, irin son da ake yi wa yaron gida mai ban dariya. Wa ke damƙa wa yaro makullin rumbu?

'Yan Ailan da yawa da wannan hoto suka ci abinci, don Landan ce kasuwa. Dion Boucicault, haifaffen Dublin, ya yi wata dabara: ya bar ɗan gararambar ƙauye da kwalbarsa da gogensa, amma ya mai da shi mafi wayo a wasan, hafsan Ingila kuwa ya zama mutumin kirki wanda ko sunan wurin da aka turo shi ba ya iya furtawa. Wasansa The Shaughraun na 1874 ya yi kasuwa a New York da Landan, har ya ɗauka farin jinin ya ba shi baki. A 1876 ya rubuta wa Firaminista Disraeli buɗaɗɗiyar wasiƙa yana roƙon a saki fursunonin siyasar Ailan. Ko kallo bai ishe shi ba.

Shaw, wanda aka haifa a Dublin a 1856, ya bar Ailan yana ɗan shekara 19 ya kusa shekara 30 bai waiwaye ta ba, shi ya kama wannan hoto ya yaga a gaban masu shi. Wasan ya buɗe a ofishin wasu injiniyoyi biyu a Landan. Tom Broadbent, Baturen Ingila, yana shirin tafiya wani ƙauyen Ailan mai suna Rosscullen kan wata ƙasa da aka jinginar aka kasa fansa. Yana neman ɗan gari da zai riƙa tausasa masa mutane. Sai ga Tim Haffigan da jan hanci da tsohuwar kwat, baki cike da kirari da irin gaisuwar da duk mai zuwa gidan wasa ya san 'yan Ailan da ita. Ya ce shi fa ya tuba da shan giya, kafin a ankara yana ta kwankwaɗar wiskin maigidan. Broadbent ya narke. Ga ɗan Ailan na gaske, zuciya a tafin hannu! Haffigan ya karɓi fam biyar na kafin alƙalami ya ƙara gaba.

Sai abokin aikin Broadbent, Larry Doyle, wanda shi ne ɗan Rosscullen na ainihi, ya fasa ƙwai. Mutumin nan a Glasgow aka haife shi, bai taɓa taka Ailan ba. Ba mai irin wannan magana a Ailan. A gidajen wasan Ingila ake koyon ta, domin wanda aljihunsa ya bushe ya gano cewa in ka yi wa Bature irin wautar da yake tsammani daga gare ka, zai saya maka abin sha, ya kuma ji daɗin cewa ya fi ka. An yi wa Broadbent ungulu da kan zabo, kuma shi ya zana ungulun da hannunsa ya ce a kawo masa.

Ban gane zurfin wannan fitowa ba sai wani dare a motar safa daga Legas zuwa Kano. An sa mana wani fim na Kudu, akwai maigadi a ciki da buta da 'yar rediyo, hula a karkace, yana barci a bakin ƙofa, in ya farka ba abin da ya sani sai wallahi oga. Kalmomin Hausa uku ko huɗu da ya furta duk ba daidai ba ne, da jin bakinsa bai taɓa kwana a Arewa ba. Mota ta kaure da dariya, wanda ke kusa da ni ya taɓa ni ya ce ga ɗan'uwana. Wannan bai dame ni sosai ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne inda muka yada zango cin abinci. Wani matashi mai tsire, wanda na ji da kunnena yana Ingilishi mai kyau a waya, fasinjoji na isowa sai ya karya harshe, ya koma maigadin nan na fim sak. Suna dariya suna saye. Da muka haɗa ido ya ɗan murmusa ya ce, "Malam, kasuwa ce."

Da Shaw a nan ya tsaya, da sai a ce ya rama wa ƙasarsa, a tafa masa a tashi. Bai tsaya ba. Ya kai Broadbent Rosscullen, kuma can ne wasan ya fara ɗaci. Broadbent ba mugu ba ne, wannan shi ne abin. Yana son Ailan da gaske. Yana goyon bayan a ba ta cin gashin kanta, muddin dai da jagorancin Ingila. Daren farko ya haɗu da Nora Reilly, wadda ta yi shekara 18 tana jiran Doyle, a gindin wata tsohuwar hasumiya, muryarta kawai ya ji ya ce zai aure ta. Ita ta ɗauka maye ne. Manyan ƙauyen suna neman sabon ɗan majalisa, suka fara tuntuɓar Doyle, shi kuwa ya gaya musu gaskiya mai ɗaci, har da cewa a riƙa biyan ɗan ƙodago fam ɗaya a mako. Nan take suka watsar da shi. Broadbent ya miƙe ya zuba musu jawabin da ba komai a cikinsa sai iska. Suka dubi juna. Mutum ne mai kuɗi, ga mota, ga shi da alama za a iya juya shi. Suka ce shi suke so.

Sai zancen alade. Don neman ƙuri'a, Broadbent ya ce zai kai wa wani manomi aladensa gida a motarsa. Alade ya firgita, ya haye kan direba, mota ta ƙwace ta bi ta tsakiyar kasuwa tana ɓarna, alade dai bai kai labari ba. Ƙauye ya kwashe yini ana ba da labarin ana riƙe ciki. Doyle ya tabbata an gama da abokinsa, don a Ailan wanda aka yi wa dariya ya mutu. Broadbent ya shigo da fuskar jimami, ya gode wa jama'a bisa juyayin da suka nuna masa, ko a jikinsa. Kuma dariyar ba ta rage masa komai ba, sai ma suna da ta ƙara masa.

Tun a kashi na farko Doyle ya ba da misalin da, a ganina, shi ne ƙashin bayan wasan. Ya ce tsutsar da ke kan bishiya takan rikiɗe ta yi kama da ganye don kada tsuntsu ya gan ta, sai ta zauna ta cinye ganyen gaske a tsanake. Haka Baturen Ingila, ba tare da ya shirya ba, yake yin kama da wawa. Abokan gabansa suna ta yi masa dariya, shi kuwa yana ta cin wawayen gaske. A ƙarshen wasan Broadbent ya samu yarinyar, kujerar majalisa na hannunsa, kamfaninsa kuma ya gama lissafi: za a ba manoma bashin da ya fi ƙarfin gonakinsu, in sun kasa biya a karɓe, a gina otal da filin golf. Tsohon manomin da ba zai moru ba, ya tafi Amurka ko gidan gajiyayyu.

To me ya ba sarki dariya? Ina jin ya ga kansa, kuma abin da ya gani bai ɓata masa rai ba. An ce da shi wawa, amma wawan da ke cin nasara. Mai ƙarfi yana da halin da zai yi wa kansa dariya, don ba ta rage masa ko taku ɗaya na ƙasa. Har takan ƙara masa kwarjini: ku dube mu, mu ne mutanen da ake zagi a gabanmu mu tafa. A nan na yarda da masu cewa irin wannan zambo bai taɓa kunyata mai mulki ba. Balfour ya fita daga gidan wasan nan yana Balfour ɗinsa. Abin da ya fitar da Ingila daga mafi yawan Ailan a 1922 tawayen 1916 ne da yaƙin sunƙuru da ya biyo baya, da zaɓen 1918 da masu neman 'yanci suka lashe, ba raha ba.

Shaw ma kamar ya ji haka a jikinsa. Da ya zo buga wasan a littafi a 1907, sai ya sa masa doguwar gabatarwa, a ciki ya ajiye barkwanci gefe ya kawo abin da ya faru a Denshawai, wani ƙauye a Masar, a watan Yuni na 1906. Hafsoshin Ingila sun je harbin tattabarun da mutanen ƙauyen ke kiwo, rikici ya ɓarke, an raunata wata mata, hafsa ɗaya ya mutu bayan ya yi gudu cikin zafin rana. Aka rataye mutum huɗu a gaban 'yan'uwansu, aka yi wa wasu bulala, aka ɗaure wasu. Shaw na nuna wa mai karatu abin da ke tsaye a bayan fara'ar Broadbent ranar da aka ce masa a'a. Mu ba sai an kai mu Masar ba. A farkon wannan shekarar ce aka baje Satiru, kusa da Sakkwato.

Inda na rabu da masu cewa Shaw ya yi aikin banza shi ne wajen tambayar wa aka yi wa wasan. Ba don Landan aka rubuta shi ba. W. B. Yeats, marubucin waƙoƙi ɗan Ailan, shi ne ya nemi Shaw ya rubuta wa sabon gidan wasan 'yan ƙasa a Dublin, wanda ya zama Abbey, aka buɗe shi a Disamban 1904. Tun 1897 Yeats da abokan aikinsa Lady Gregory da Edward Martyn suka yi shelar cewa za su nuna wa duniya Ailan ba gidan wawanci da hawayen banza ba ce. (Kuɗin ginin ma daga wata Baturiyar Ingila ya fito, Annie Horniman, wadda danginta suka yi arziki da cinikin ganyen shayi, kuma ba ta son jin zancen siyasa. Wannan kaɗai ya isa wasa.) Da rubutun Shaw ya iso, Yeats ya ƙi sa shi. An ce ya fi ƙarfin 'yan wasansu da kayan aikinsu, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma Shaw ya ce dalilin ya wuce nan: wasan bai dace da ruhin masu son farfaɗo da tsohuwar Ailan ba. Sai a 1916 Abbey ya sa shi.

Dubi abin da ke ciki ka ga dalili. A 1903 aka yi dokar da gwamnati ke ba 'yan haya rance su sayi gonakin da suke nomawa, kowa na murna an kori manyan masu ƙasa. Shaw ya nuna ƙaramin manomin da ya samu gona jiya, yau ya fi tsohon maigidan tsanani a kan ɗan ƙodagonsa. Ya nuna Fada mai juya ƙauye da ɗan yatsa. Ya sa baran Broadbent, talakan Landan, ya dubi manomin nan mai kukan zalunci ya ce masa kai me ka sani game da wahala, zo ka ga yadda ake korar mu daga ɗakin haya. Ya kuma nuna dariyar kanta a matsayin ciwo: mutanen da suka iya ba'a, suka iya gano wautar kowa, suna nan suna riƙe ciki a kan alade ana auna ƙasarsu. Cikin 'yan kaɗan da ba su yi dariya ba akwai Peter Keegan, Fadan da aka tuɓe, wanda ake ce wa mahaukaci don yana hira da fara. Wanzami ba ya son jarfa. Masu kishin ƙasa sun kori ɗan Ailan mashayi daga dandamali, suna so su maye gurbinsa da ɗan Ailan waliyyi, shi ma ƙirƙirarre ne. A Janairun 1907, da Abbey ya sa wasan J. M. Synge inda ƙauyawa ke ɗaukaka saurayin da ya ce ya kashe ubansa, 'yan kallo suka tayar da hargitsi har sai da aka kira 'yan sanda.

Shi ya sa nake ganin auna wannan zambo da fuskar sarki kuskure ne. Sarki ɗan kallo ne da ya shigo bikin da ba nasa ba. Wanda aka yi wa maganar shi ne mai tsiren nan na bakin hanya, da manyan Rosscullen da suka zaɓi baƙo don suna ganin za su juya shi.

Shekara 76 bayan Shaw ya rubuta wasansa, wani marubucin ɗan Ailan, Brian Friel, ya sake ɗaukar zancen ta wata fuska, kuma shi ya zaɓi inda za a fara jin sa. A Satumban 1980 aka buɗe wasansa Translations a zauren Guildhall na birnin Derry, garin da sunansa kansa rigima ne, don tun 1613 aka manna masa Landan a gaba ya zama Londonderry, kuma garin da sojojin Birtaniya suka harbe masu zanga-zanga 13 a rana ɗaya a Janairun 1972. Wasan ya koma 1833, lokacin da sojojin safiyo ke zana taswirar Ailan suna mai da sunayen garuruwa yadda harshen Ingilishi zai iya ɗauka. A wata makarantar karkara da ake yi a tsohon garke, Kyaftin Lancey ya tsaya zai yi wa ƙauyawa bayani. Yana magana a hankali, da ƙarfi, yana nuni da hannu kamar mai yi wa yara bayanin mene ne hoto. Wani tsoho mai dauɗar riga, wanda ya haddace Girkanci da Latin, ya tambaya da Latin ko baƙon na jin Latin. Lancey ya ce a yi haƙuri, shi ba ya jin Gelik, wato yaren ƙauyen. Duk ba'ar da aka yi shekara 300 ana yi wa jahilin ɗan Ailan, a wannan amsa guda ta juya.

Amma wanda ya fi kama ni shi ne tafinta, Owen, ɗan malamin makarantar. Lancey ya zayyana aikin soja da na haraji, Owen ya juya ya ce wa mutanensa sabuwar taswira kawai ake yi. Turawan ba su ma riƙe sunansa ba, Roland suke kiransa, ya ce ai ba komai, suna ne kawai. Duk wanda ya ji labarin tafintocin Razdan da Di'o daga bakin kakanni ya san mutumin nan, ya kuma san yadda Sakkwato ta zama Sokoto a takarda, Haɗeja ta zama Hadejia. Akwai kuma Laftanar Yolland, jikan Broadbent ta wajen hali, mai ƙaunar ƙasar da yarenta da wata budurwa a cikinta. Da ya ɓace, Lancey ya daina magana a hankali: in ba a gan shi ba cikin awa 24 za a harbe dabbobi, bayan awa 48 a rushe gidaje. Ya karanto sunayen unguwannin da sabon suna, dole Owen ya mai da su tsohon suna don masu su su gane gidajensu ake nufi. Masana tarihi sun yi ƙorafi, kuma suna da hujja, cewa ma'aikatan safiyon ba su kori kowa daga gida ba, har ma sun ɗauki masanin harshe irin John O'Donovan don a binciki asalin sunayen. Na karɓi gyaran. Bai hana ni jin abin da na ji ba sa'ad da tafinta ke karanta wa 'yan'uwansa hukunci da yaren uwarsa.

Kada dai a ɗauka wanda aka yi wa ba'a ya warke daga yi wa wani. A wannan Derry ɗin aka haifi Joyce Cary a 1888, daga gidan masu ƙasa. Ya zo nan ya yi aikin mulki a Borgu, a 1939 ya fitar da littafinsa Mister Johnson: akawu baƙar fata mai waƙa da rawa, mai cin bashi, mai son Ingila da ubangidansa har wuya, wanda a ƙarshe ya roƙi ubangidan ya harbe shi da hannunsa maimakon rataya. Teague ne aka shafa wa baƙi. Chinua Achebe ya karanta shi yana ɗalibi a Ibadan, ya kuma faɗa cewa yana cikin abin da ya tunzura shi ya fara rubutu. Gwamnan Punjab ta Indiya lokacin kisan gillar da sojojin mulkin mallaka suka yi a Amritsar a 1919, Michael O'Dwyer, ɗan Katolika ne daga Tipperary. Mu ma da muke jin haushin maigadin fim ɗin Kudu, sai mu duba yadda Bagwari da Bafulatanin daji ke fitowa a namu. Laifi tudu ne.

Na kan yi tunanin abin da Sarki Edward ya gani a ƙarshe, bayan an sauya masa kujera. Keegan ya tsaya a kan tudu ya wanke Broadbent da Doyle tas. Ya zayyana musu yadda kamfanin zai cinye ƙauyen, ya cinye masu hannun jarinsa, ya sake sayen otal ɗin da araha bayan ya karye. Ya kira wurin jahannama, ya juya ya tafi. Doyle, ɗan gida, ya ji zafin maganar don ya gane ta. Broadbent kuwa ya bi tsohon da kallon sha'awa. Ya riga ya lura cewa mutum mai baki irin wannan zai ja hankalin baƙin da za su sauka a otal. Ya ce jawabin ya ƙara masa ƙarfin gwiwa, yanzu ya tabbata daidai ya yi da ya sadaukar da rayuwarsa ga Ailan. Sannan ya ce wa Doyle ya zo su je su zaɓi inda za a kafa ginin.